Daga Azare Zuwa Damagaram: Zagayen Tsofaffin Birane

Mu malaman sakandare ne a Azare, akasarinmu kuma tarihi muke koyarwa. Kullum sunayen Katagum da Haɗeja da Damagaram da Daura suna kan allo, yara suna kwafa, su haddace, su zuba a jarrabawa. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, ana tsakiyar hunturu, tun kafin rufe iyakar Najeriya da Nijar da aka yi a 2023, sai muka yi karo-karo muka ɗauki shatar doguwar mota. Niyyarmu ita ce mu bi tsofaffin kujerun sarautar wannan yanki ɗaya bayan ɗaya, mu tsallaka Nijar, mu dawo ta Daura.

Bayan sallar asuba muka tashi daga kusa da ƙofar fadar Sarkin Katagum. Baƙo kan ruɗe a nan: fadar Sarkin Katagum a Azare take, hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum ma Azare ce, shi kuwa garin Katagum na asali shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. Dalili kuwa shi ne a 1916 Turawa suka ɗauke kujerar sarautar daga Katagum suka kawo ta Azare, shekara goma bayan nan kuma suka cire masarautar daga lardin Kano suka haɗa ta da Bauchi. Don haka zangonmu na farko gida ne, tsohon garin Katagum.

Hantsi ya ɗaga muka isa. Katagum na bakin kogin Jama'are, fadama ta kewaye shi, wanda kuma ya san yadda ruwa ke malala a nan da damina ba zai yi mamakin yadda garin ya koma gefen hanya ba. Wani dattijo aka haɗa mu da shi ya zaga da mu. Muka bi shi ta bayan gari har kan wani dogon tudu da awaki ke kiwo a kai, ya tsaya ya dogara sandarsa.

Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Baba, ina ganuwar da ake faɗa?"

Ya ce, "Malam, ai a kanta kake tsaye."

Kowa ya dubi ƙafarsa. Wannan gari fa Malam Ibrahim Zaki ne ya kafa shi, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ci Shira da Tashena, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, shi ya sa aka yi masa sarautar Sarkin Borno. A farkon 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, wasu Turawa biyu masu yawon buɗe ido suka biyo ta nan daga Kukawa. Clapperton, wanda a ƙasar Hausa aka sani da Abdullahi, ya tarar da birni mai ganuwa biyu, ɗaya cikin ɗaya, da ƙofofi huɗu, da kasuwa mai ci da kuɗin wuri. Abokin tafiyarsa, likita Oudney, bai kai Kano ba. A Murmur, nan kusa, ya rasu aka binne shi. Duk wannan muna da shi a littafi. A ƙasa kuwa ba mu ga allo ko ɗaya da zai gaya wa mai wucewa cewa nan ƙofa take, nan gwalalo ya bi ba. Abin da ya rage yana bakin dattawa, su kuwa dattawa kullum raguwa suke.

Daga nan muka nufi Haɗeja. Da muka hango garin sai wani abokin aikinmu ya ce mu gode wa Allah ba zamanin Buhari muka zo ba, mota ta ɗauki dariya. Sarki Buhari ke nan, wanda ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, ya hana maƙwabta barci, har da mu mutanen Katagum. Amma abin da Haɗejawa suka fi alfahari da shi shi ne 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, aka gwabza a cikin gari, ya faɗi tare da jarumansa masu yawa. Yaron da ya sayar mana da bandar kifi ma ya san labarin, har yana nuna mana wajen da Turawan suka shigo. Gumel kuwa tsayuwar sallah kawai muka yi. Masarautar Mangawa ce da ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, da Borno ta yi hulɗa, tsohuwar kujerarta kuma, Tumbi, yau tana cikin Nijar. Tun daga nan mutum zai fara gane cewa iyakar da za mu tsallaka jiya-jiya aka shata ta.

A Maigatari muka kwana, muka dace da kasuwar Alhamis, inda raƙuma da shanu da tumaki ke gangarowa daga arewa. Nan muka yi canji. Da muka tsallaka sai lissafi ya rikice wa malamai. Na tambayi mai shayi kuɗin dogon burodin nan nasu, ya ce dala arba'in. Na tsaya ina juya takardun saifa a hannu, sai direbanmu, wanda ya saba da hanyar, ya ce, "Malam, ninka sau biyar, ɗari biyu yake nufi." Shingaye kuwa ba a magana, a sauka, a nuna katin shaida, a koma mota, a ɗan taɓa tafiya a sake sauka. Amma Hausa ɗaya ake ji ko'ina, sai ɗan bambancin lafazi.

Manyan duwatsu ne suka fara yi mana maraba a Damagaram, curi-curi, wani kan wani, gidaje sun ratsa tsakaninsu. Garin kashi biyu ne tun asali: Birni, inda fada take, da Zango, inda ayarin Buzaye da fatake ke sauka in sun fito daga Agadas ko Kano. Motarmu ba ta iya shiga lungunan Birni ba, dole muka sauka muka taka. Nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. Gidajen ƙasa ne, na tubali, da zankwaye a saman soraye, fuskar zaure kuma an yi mata zane mai tudu da kwari, an shafa launi. A wani lungu muka tarar da magini a kan tsani, yana ɗebo kwaɓaɓɓiyar ƙasa daga kwano yana cike inda damina ta zaizaye, yana bin tsohon zanen da yatsa har ya fito. Na yi masa sannu da aiki, na tambaye shi ko hukuma ce ta sa shi. Ya ce mai gidan ne, duk bayan damina sai an yi, haka ya gada.

A ƙofar fada dogarai cikin ja da kore suka karɓe mu, muka tuɓe takalma, muka yi gaisuwa, aka ba mu mai yi mana bayani. Damagaram ta fara ne a matsayin ƙaramar ƙasa mai kai gaisuwa Borno, har Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya ɗaukaka ta: ya gina ganuwa, ya tara bindigogi, har igwa maƙeransa suka ƙera. Bayansa Amadu Kuran Daga ya kai hari har ƙasar Kano. A zamaninsa ne aka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a 1898. Shekara na zagayowa Faransawa suka dawo, aka kara a Tirmini, suka ci garin, suka gina barikinsu a kan dutse suka sa masa sunan mamacin. Daga 1911 Damagaram ce babban birnin mulkin Faransa a Nijar, har 1926 da aka mayar da shi Yamai, ƙarancin ruwa yana cikin dalilan.

A nan muka yi tsaye muna lissafi. Katagum ta rasa kujera a 1916, Damagaram a 1926, shekara goma kacal tsakani. To me ya sa ɗaya ta zama tudun awaki, ɗaya kuwa baƙi ke zuwa daga nesa su gani? Amsar a fili take. Abin da aka ɗauke daga Damagaram ofishin gwamna ne. Sarki yana nan cikin gidan kakanninsa, fadawa da magina da dukawa suna kewaye da shi, kowa da dalilin gyara bangonsa. A Katagum kuwa Sarkin ne da kansa aka ɗauke, jama'ar fada suka bi shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Muka dawo ta Kance da Matamai, muka shigo Najeriya ta Kwangwalam, sai Daura. Rijiyar Kusugu an gine ta cikin ɗaki, akwai mai kula da ita, akwai guga. Ya ba mu labarin Bayajidda da macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da Sarauniya Daurama, sannan ya zura guga ya jawo, muka sha. Masana na iya jayayya kan labarin, amma ba wanda zai ce Daurawa ba su riƙe abinsu ba. Su ma sun ga juyin zamani: masu jihadi sun ci garin a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe ya yi kusan shekara ɗari a waje, a Zango da Ɓaure, kafin Turawa su maido shi. Duk da haka rijiya tana nan, ana hawan sallar Gani duk shekara, ɗalibai kuma mota-mota ake kawo su.

Ta Kazaure da Kano muka biyo, muka kama titin Maiduguri ta Wudil da Jama'are zuwa gida. Hirar mota duk a kan Katagum ta ƙare. Tarihinmu bai gaza na kowa ba a cikin garuruwan da muka zaga. Adanawa ce ta gaza. Aikin kuma bai fi ƙarfinmu ba. Majalisar masarauta da ƙaramar hukumar Zaki za su iya shata inda ganuwa ta bi a hana ɗibar ƙasarta, a kafa alluna a gurbin ƙofofin nan huɗu da kuma Murmur. Jami'ar da ke Gadau da kwalejin ilimi ta Azare suna da ɗaliban da za su zauna da dattawa su naɗi abin da ke bakinsu tun suna raye. Mu kuwa malamai, tsakanin Azare da Katagum bai kai tafiyar awa biyu ba. Duk makarantar da ke koyar da tarihin Malam Zaki, ta ɗauki yaranta ta kai su garinsa su gani da idonsu kafin su gama aji shida.