IDO BA MUDU BA, YA SAN KIMA

Ni mai hoto ne, ko in ce tsohon mai hoto, tunda yanzu kowane yaro da waya a aljihu ya zama abokin sana'ata. Na fara rataya kyamara tun Warra tana cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanki Jihar Kebbi a 1991. Lokacin fim muke sawa mai cin hoto 36, in ya cika a ba direba ya kai wanki birni, a yi ta jira kwana da kwanaki. Don haka ba ka dannawa sai ka tabbata.

Wata ranar kasuwa, bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, na sauka bakin ruwa sai na tarar ana yi wa wani jirgi lodi. Buhunan hatsi ne, babura ne, ga mata da goyo an jera su bisa kaya, har ruwa ya kusa shafe bakin jirgin. Gabana ya faɗi, na ɗaga kyamara na danna. Kafin in sauke sai na ji an shaƙo igiyar ta baya. "Kai malam, wa ya ba ka izini?" Wani ɗan kamasho ne. Nan da nan ya kirawo wani mai kaki, shi kuwa ko tambaya bai yi ba, ya ɓalle bayan kyamarar ya zaro fim ɗin a tsakiyar rana. Shi ke nan, haske ya ƙone komai, har da hotunan bikin wasu bayin Allah da na riga na ci kuɗinsu. Wallahi sai da na sayar da akuya na biya.

Abin ya tsaya mini a rai, har na kai kuka wurin wani ɗan garinmu da ya yi karatun lauya. Ya ce, "Yaya, ai kai aka zalunta." Ya bayyana mini cewa sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin karɓar labari da isar da shi, kuma babu wata doka da ta yi hani na gaba ɗaya ga ɗaukar hoto a kasuwa, ko titi, ko tashar jirgin ruwa. Haka nan kaki bai ba mutum ikon lalata maka kayan sana'a don kawai ya ga dama ba. Amma ya ja mini kunne a kan wurare biyu. Na farko wuraren tsaro irin su bariki, waɗanda Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta yi magana a kansu. Ya ce ko madatsar ruwa ta Kainji ka je, ka fara neman yardar masu gadi. Na biyu gidan mutum da sirrinsa, wanda sashe na 37 ya kare.

To, ka san ɗan Adam. Da na ji haka sai kaina ya kumbura. Duk wanda ya yi mini magana sai in ce, "Doka ta ba ni." Ina nan a haka, wata safiya na bi gaɓa na iske mata suna wanki, wasu na shanya warangi, wasu sun ɗaure zane a ƙirji suna yi wa yara wanka. Hasken safiya ya faɗo bisa ruwa gwanin kyau. Na danna sau uku.

Sai na ji murya daga gindin wani kwale-kwale da aka kife. Wani tsoho ne Bagunge yana gyaran koma. Ya ce, "Ɗana, zo nan." Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Me ka ɗauka?" Na ce, "Baba, ai bakin ruwa ne, fili ne na kowa, hukuma ba ta hana ba." Ya yi murmushi, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "A wurinka fili ne. Su kuwa tun da ruwa ya ci tsibiranmu, nan ne tsakar gidansu. Hukuma ta yarda, na ji. To ita waccan mai goyon, ka tambaye ta?"

Mai karatu, na rasa ta cewa. Gumi ya karyo mini alhali da sanyin safiya. Da hannuna na buɗe kyamarar na zaro fim ɗin a gabansa. Wancan karon ƙwace mini aka yi, na yi wata guda ina jin zafi. Wannan karon ni na ƙona, na kuma yi barci lafiya.

Shekaru suka shuɗe, sai ga ranar 26 ga Mayu, 2021, ranar da jirgi ya nutse da mutane fiye da 100 a kusa da Warra, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ana fito da gawarwaki, samari kuwa sun yi da'ira kowa ya miƙa waya. Kafin a sanar da wasu iyalan, fuskokin 'yan'uwansu sun riga sun zaga Facebook da WhatsApp. Tawa kyamarar ba ta fito daga jaka ba. Ina tsaye abubuwa biyu suka dawo mini: maganar tsohon nan, da kuma hotona na jirgi mai lodi da aka ƙone. Ashe hoton da ya kamata a ɗauka a nuna wa duniya, wato na lodin da ya wuce kima tun jirgi bai tashi ba, shi ake hanawa. Wanda kuma ya kamata a rufa wa asiri, shi kowa ke rububi.

Kada ka ce ina zugawa a daina hoto. Tsohuwar Bussa tana ƙarƙashin ruwa tun da aka gama madatsar a 1968 aka tashi mutane sama da 40,000. Jikokinsu in ba a hoto ba ina za su ga garin? Kuma bayan sadakar arba'in wata dattijuwa ta zo shagona ta ce, "Ɗan nan, ko Allah Ya sa kana da hoton yarona?" Na tone akwati na samo shi a gefen wani hoton kasuwa, yana dariya da buhu a ka. Ban tambaye shi ba sanda na ɗauka. Ta rungume hoton ta yi ta sa mini albarka har ni ma na yi hawaye.

Yau dokoki sun ƙaru. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ɗauki hoto a matsayin aikin wanda ya ɗauka, amma wanda ya biya ka ka ɗauke shi don amfanin gidansa yana da ikon hana ka yaɗawa. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta sa dole a yi hattara da baza hoton da za a gane mai shi. Wato ɗauka daban, watsawa daban.

Shawarata ga ƙannena masu waya ita ce: ku san haƙƙinku, kada wani ya tsorata ku a kan abin da ya shafi rayukan jama'a. In an tare ku, ku yi magana da ladabi, ban da kokawa. Amma mace a bakin wanka, da ƙaramin yaro, da majinyaci, da gawa, ku tambayi zuciyarku tukuna: da uwata ce fa? Lauya ya koya mini inda ƙafata za ta iya tsayawa, tsohon nan mai koma ya koya mini inda idona zai tsaya.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Wassalam.