Oba-obar da ta kasa kaiwa Gumel

Ni na sa Kawu ya sayi oba-oba guda biyu, ni kuma na rantse masa za su haɗa karar Maigatari da Gumel. Ran Alhamis in kasuwa ta cika ta batse, waya takan yi masa gardama, ga yaronsa can Gumel da direba suna jiran a ce su taho da tirela.

"Kawu, wat 5 ce fa," na ce da shi. Na karanta cewa masu rediyon sha'awa a Turai kan yi hira da Amurka da wat 5 ko ƙasa da haka. Gumel kuwa kusan kilomita 20 ce, babu dutse ko ɗaya a tsakani. Shekarun da na yi ina gyaran rediyo suka ruɗe ni, ban ko gwada ba.

Abin da na tsallake shi ne, waɗancan mutane a gajeren zango suke aiki, irin wanda ke kawo mana BBC. Saƙonsu kan hau can sama ya karyo, ya sauka nesa. Oba-obar hannu kuwa miƙe take tafiya kamar hasken tocila, doron ƙasa kuma a lanƙwashe yake. Mutum biyu a tsaye, eriyar kowa mita ɗaya da rabi daga ƙasa, lissafi bai wuce kilomita 10 ba, shi ma in fili ne fetal. Kara kuwa ga tirelolin ƙarfe, ga rumfunan kwano, ga darbejiya, ga jigayin yashi a hanya.

Da Alhamis ta zo, Kawu ya yi ta "oba, oba" shanu na tsaye a rana, shuuu kawai yake ji. Sai bayan la'asar aka tura ɗan acaba. Lodi ya kwana.

Har a lokacin ban daddara ba, na ce a sayo mai ƙarfi. Daga baya na gano cewa dab da ƙasa, ninka nisa sau biyu na iya cin ƙarfi ninki 16. Tsawo ne magani. Da na hau tankin ruwa da ita, muryar da ke mutuwa a bakin gari sai ga ta tangaran daga ƙauyen gaba.

Kawu bai yi faɗa ba, "injiniya" kawai yake kirana har yau, abin da ya fi faɗan ciwo. Kuɗin kwanan tirela ni na biya. Oba-obar suna nan suna aiki, daga wajen tumaki zuwa wajen raƙuma.