Abin da Na Jiyo a Ƙasar Bunkure

Da hunturun da ya wuce wani yayana mai sarin shinkafa ya ce in raka shi Kura. Na amsa da sauri, don ina da wata buƙata a Kano da na daɗe ina ɗagawa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana rediyo ƙirar Pioneer SX-650, mai faffaɗar fuska ruwan azurfa, wadda kamfanin ya fitar a 1976. Zamanin ke nan da kuɗin Udoji suka buɗe wa ma'aikata ido, kowa na son a ga irin wannan kaya a falonsa. Lafiyarta lau har yau, sai dai ba ta magana da kanta. Rediyo ce da amfilifaya a haɗe, dole a jona mata sifiku biyu, nata na asali kuwa gara da laima sun gama da su tuntuni.

Daga Katsina zuwa Kano babu abin faɗa. Sai da muka hau titin Zariya muka doshi Kura sannan ido ya samu abinci. A wajenmu watan Janairu ƙasa fari fat take, daga kara sai ƙura. Nan kuwa kore shar iya ganinka: alkama, tumatir, albasa, masara. Ruwan daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma da kansa yake gangarowa ta babban kanal, ba famfo ba inji, har ya rarrabu cikin gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure. Na tsaya na kalli wani yaro yana ban ruwa. Ya tsoma lanƙwasasshen tiyo cikin kanal ya cika, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya ƙetara da shi gaɓa ya saki, sai ga ruwa na bin kunya. Mu ma muna da Zobe da Jibiya, amma ban taɓa ganin kore mai faɗin wannan a jiharmu ba, kuma abin ya taɓa mini zuciya.

Kura gari ne na shinkafa. Ko'ina ka waiga tukwanen turara ne ke hayaƙi, ga shanya a kan tamfol, ga injinan casa. Kafin shinkafa garin ya yi suna da rini, musamman turkuɗin da Buzaye ke zuwa saye daga nesa. Masaukin da muka kama dai Allah ya kiyaye na baya. Katifa ta lotsa, famfo ba ruwa a garin da ruwa ya kewaye, sauro kuwa bai san ana sanyi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani shago a maƙwabta da ya girke akwatin sifika tsawon mutum a ƙofa, yana dukan ƙirjin jama'a har tsakar dare. Na kasa kunne in ji ko kalma ɗaya daga bakin mawaƙin, ban samu ba. Dum-dum kawai.

Washegari dillalin yayana ya ce ba za mu ƙara kwana a nan ba, ya ɗauke mu zuwa gidan mahaifinsa a wani ƙauye wajen Bunkure. Muna zaure ana kawo ruwa sai na ji kalangu daga ɗakin da ke kusa, sannan muryar Mamman Shata ta biyo. Shata namu ne, ɗan Musawa, na taso ina jin sa a kaset da rediyo da waya. Amma rabona da in ji shi haka tun ina yaro a falon mahaifinmu. Kowace kalma tana fita da gaɓoɓinta, 'yan amshi na can gefe, kuma kana iya rarrabe kalangu ɗaya daga ɗan'uwansa.

Na ce, “Baba, Allah ya ja da ranka, mene ne ke magana a ɗakin nan?”

Ya yi murmushi ya ce, “Shigo ka gani, ɗana.”

Dattijo ne da ya yi aikin buɗe ƙofofin kanal da rufe su har ya yi ritaya. A kan tebur akwai tsohuwar Sansui da na'urar kaset, an lulluɓe su da zane saboda ƙura. A kan kanta kuma, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ga 'yan akwatuna biyu na katako, kowanne bai wuce kamu ɗaya a tsayi ba. Iyakar kayan ke nan. Na gaya masa labarin tamu rediyon, da cewa ina shirin shiga Kano in sayo mata manyan akwatuna. Ya girgiza kai, ya sa jikansa ya juyo bayan Sansui, ya haska da tocila ya nuna mini ɗan rubutun da ke kusa da wurin ɗaura waya.

“Nan za ka fara dubawa,” in ji shi. “Yawancin waɗannan tsofaffin da sifika mai om 8 suka saba. Mai om 4 ƙofa ce mai faɗi, tana jan ruwa fiye da yadda kanal zai ɗauka da sauƙi. Za ta yi ƙara, amma injin zai riƙa zafi, wata rana ka ji ƙauri.” Ya kuma ja mini kunne a kan maɓallin da ke kunna sifiku huɗu gaba ɗaya: in ka haɗa masu om 8 biyu a gefe guda, lissafinsu ya koma 4.

Mun raba dare muna wannan hira, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Tuwon ban taɓa cin mai daɗinsa ba, sabuwar shinkafa daban ce. Furarsu dai ba ta kama ƙafar ta Katsina ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa.

Daga bakinsa na fahimci abin da ke ruɗin masu saye. Rediyonmu wat 35 take bayarwa kowane gefe, kuma wannan lissafi ne na gaskiya, ƙarfin da za ta iya riƙewa ba tsayawa. Dubban wat da ake zanawa da manyan baƙaƙe a kwalayen yanzu, da haruffan PMPO a gefe, talla ce. Abin da ya kamata mutum ya nema shi ne sauƙin tashin sifika, wanda ake rubutawa da dB. Mai 90 rabin ƙarfin da mai 87 ke ci take buƙata ta ba ka ƙara iri ɗaya. Sifika mai nauyin tashi ita ke sa ka murɗa rediyo har ƙarshe, sauti ya fara tsagewa, kuma wannan tsagewar ce ke ƙona 'yar ƙaramar sifikar sama da masu gyara ke kira tuwita. Ni kuma ga abin da na ƙara da kunnena: kiɗanmu na magana ne. Kalangun Shata, kuntigin Ɗanmaraya Jos, kotson Ɗanƙwairo, duk suna zaune ne kusa da muryar mutum. Akwatin da aka gina don ya girgiza bango cinye wannan wuri yake yi, shi ya sa yaranmu ke tashi suna jin kiɗa ba su san abin da aka faɗa ba. Wannan asara ce babba, kuma ba na jin ana ɗaukar ta da nauyin da ya dace.

Da safe ya koya mini gwajin kayan gwanjo. Ya cire ragar gaban akwati ɗaya, ya ɗora yatsu a kewayen tsakiyar babbar sifikar ya danna a hankali. Ta shiga ta dawo ba wani motsi. “In ka ji ƙarar gogayya, kwayil ya taɓu, bar musu kayansu.” Ya shafa zoben da ke riƙe bakinta. Nasa na yadi ne, shi ya sa ya kai yau. Na soso kuwa da shekaru ruɓewa yake, ka taɓa shi ya marmashe. Sai ya ɗauko batirin tocila guda ɗaya ya taɓa wayoyin biyu: sifikar ta yi ɗan tsalle waje, ya ce to wayar da ta taɓa kan batirin, ba gindinsa ba, ita ce ta jan ramin ɗaura waya. In aka juya wayoyin ɗaya daga cikin sifikun biyu, kaurin sauti gudu yake yi. Ya ce in ɗora su daidai kunnen mai zama, in akwatin mai rami ne ta baya kar in manna shi da bango, kuma kar in kuskura in jona rediyon a janareta ba sitabilaiza.

Na roƙe shi ya sayar mini da nasa, ko nawa ne. Ya ce, “Ɗana, da su nake jin labarai, da su nake jin tafsiri da azumi. Ka je Sabon Gari, ka yi haƙuri da nema, za ka samu.” Da za mu tafi ya sa aka saka mana albasa da kwandon tumatir a mota, na kawo ɗan abin goro ya ƙi karɓa, har ya ɓata fuska.

A kasuwar Sabon Gari kowane mai shago manyan akwatuna masu fitilu yake turo mini, ina ambaton om sai su dube ni su dubi juna. A wata rumfar mai gyara can ciki na tarar da ƙananan Technics biyu, ƙura ta rufe su, an rubuta om 8 a baya. Na danna, na shafa, na ciro batirina. Mai rumfar ya ɗora mita, ta nuna shida da 'yan kai, ya ce haka mai lafiya ke nunawa. Na sa ya jona su a wata tsohuwar amfilifaya, muka saurari muryar mai karanta labarai kafin mu saka kiɗa. Raga ɗaya ta yage, kusurwar akwati guda ta ɗan buɗe, da wannan na samu ragi. Muka naɗe su cikin bargo muka cusa tsakanin buhunan shinkafa, yayana na ta faɗan na ɓata masa lokaci, muka kama hanyar Katsina bayan la'asar.