Jar Motar Malam da Rawar Sitiyari



Da yawanku kun tambaye mu abin da ya sa jar motar Malamin Lissafi ta yi mako uku a ƙofar ɗakin koyon kanikanci, a ɗage ba taya. Wasu ma har sun fara yaɗa cewa mun kashe ta. To tana nan da ranta. Mu 'yan aji biyu na sashen gyaran mota muka yi jinyarta a ƙarƙashin Malaminmu na kanikanci, kuma mai ita ya ba mu izinin ba da labari.

Motar Toyota Celica ce ƙirar 1992 mai ƙofa biyu, wato ta girmi kowane ɗalibi a makarantar nan, har da wasu malaman. Irin motocin nan ne da aka ƙera don gudu da shan kwana: gajeru, kusa da ƙasa, masu faɗin taya. An fara yin Celica a 1970, aka daina a 2006. Da 'yar uwarta ta tsere mai suna GT-Four ne Carlos Sainz ɗan ƙasar Sifen ya zama zakaran duniya a 1990 da 1992, kuma ta sha cin tseren Safari na Kenya. Ta Malam dai ba ta tsere ba ce. Marigayi yayansa ne ya bar masa, shi ya sa duk wanda ya ce ya sayar sai ya yi murmushi kawai. Tsohon doki sai mai shi.

Kukan Malam guda biyu ne. Da zarar maleji ya haura 90 sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa, har madubi na kaɗawa. Sannan motar ba ta tsayawa kan layi, tana yawo, ta bi duk wani kwarin da manyan motoci suka yi wa kwalta. Duk Juma'a da ita yake tafiya gida wajen iyalinsa, kuma ya ce mana akwai ranar da ya zo wuce tirela motar ta nufi ƙarƙashinta ba da izininsa ba. Sau biyu ana yi mata alaimen a gari, ta yi kwana shida ko bakwai lafiya ta koma gidan jiya.

Ranar farko mun zo da sifanu a hannu, Malamin kanikanci ya ce mu ajiye. "Ku fara da tambaya," in ji shi. Yaushe take rawar? In sai an taka birki, a duba faifan birki. In a wani gudu na musamman take yi, ta lafa an rage ko an ƙara, a nemi taya da rim. In kuwa yawo take yi, to wani abu ya saki a ƙafa. Ashe cuta biyu ce a jikin mota ɗaya, kowace da maganinta. Birki bai ɗauke mu minti goma ba, lafiyarsa ƙalau.

Taya ce ta ci mana lokaci. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Ta gaba ta dama 2314 muka gani, wato mako na 23 a 2014. A ido kuwa tana da zane sosai, don tayar gwanjo ce da ta daɗe a ajiye kafin ta iso hannun Malam. Da muka ɗaga motar muka juya tayar a hankali, muka kafa alli kusa da ita, sai ga alli na taɓa wuri ɗaya yana barin sauran. Wayar cikinta ta rabu, ta yi ɗan kumburin da ba ka gani sai ka shafa. Rim ɗin ma ya lanƙwashe ta ciki, aikin wani rami ne. Tayar irin wannan mota ba ta da tsawon gefe, don haka duk dukan da rami ya yi, rim ne ke sha.

Nan Malamin Lissafi ya karɓi alli, ka san hali. Zagayen tayar kusan mita 1.9 ne. A gudun kilomita 100 cikin awa, mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, ke nan tayar na juyawa kusan sau 15 cikin daƙiƙar nan. Ɗan kumburin nan sau 15 yake dukan kwalta a kowace daƙiƙa, dukan ya bi ƙarfe ya hau har tafin hannun direba. Wannan ce ranar da wasunmu suka fara yarda lissafi na da amfani.

Don a tabbatar, muka mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, malaman biyu suka fita gwaji. Rawar ta bar sitiyari ta koma kujera. Gwajin nan ko sisi bai ci ba, kuma a ganinmu ya fi duk wani gwaji da muka yi daɗi.

Saura yawo. Aka ɗaga gaba, aka tokare da ƙarafan tokari, domin dokar ɗakinmu ce ba mai shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. Ka kama taya ta hagu da dama, kamar ƙarfe tara da ƙarfe uku a agogo, ka girgiza: in ta yi ƙwas-ƙwas, yawanci tayirod ne. Ka kama sama da ƙasa: in ta motsa, boljoyin ko boris. Kowannenmu sai da ya kama ya ji da hannunsa. Wata 'yar ajinmu ce ta fara jin motsin a hagu, ta ce, "Malam, wannan kamar haƙori mai girgiɗi." Tayirod ne, robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, ƙura ta shiga ta cinye shi. Bushin ɗin ƙarfen ƙasa kuma, robar da ke riƙe ƙafar a mazauninta, ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Shekara talatin da ɗoriya da zafin ranarmu, wace roba ce za ta jure?

A nan muka gane abin da ya sa alaimen bai yi ƙarko ba. Alaimen saita tayoyi ne su fuskanci inda ya dace, da awon da bai wuce 'yan milimita ba. In abin da ke riƙe tayar yana lilo, saitin nan ramin farko zai tafi da shi. An bar jaki ana dukan taiki. Mu dai muna ganin duk mai injin alaimen da bai girgiza taya ba kafin ya karɓi kuɗi bai kyauta wa mai mota ba.

Samun kaya ne ya ja makonnin. Tayirod bai yi wuya ba, bushin kuwa sai da aka aika har Kano. Muka canza na hagu da na dama tare, don kada ƙafa ɗaya ta yi tauri ɗaya ta yi laushi. Malam ya sayi sababbin tayoyi biyu da rim, ya ce albashin watan ya ji jiki. Aka yi balansin, aka manna 'yan ƙananan nauyi a bakin rim, sannan a ƙarshe aka kai ta alaimen.

Juma'ar da ta wuce ya je gida ya dawo. Ya ce sitiyari shiru, motar na bin layi kamar an ja mata zare. Shokazoba na baya dai sun fara zubar da mai, kuma Malamin kanikanci ya gindaya masa sharaɗin kada ya haura 80 sai an canza su, aikin da muka sa a zango mai zuwa.

Tsohon tayirod da tsattsagen bushin da tayar nan mai kumburi suna kan teburin ɗakin kanikanci. Mai son gani ya zo ranar Laraba lokacin tara, amma ya naɗe hannun riga, akwai giris.