Kiɗan Da Ya Yi Shekara 33 A Kan Takarda

Hausawa kan ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Na daɗe ina jinjina wannan karin magana, musamman idan na tuna da Matthijs Vermeulen, mai tsara kiɗa na ƙasar Holan, wanda aka haifa a Helmond a 1888.

Vermeulen ya fara yin suna ne a matsayin mai sharhin kiɗa a jaridun Amsterdam, kuma alƙalaminsa ba ya ragawa kowa. Ya sha sukar Willem Mengelberg, madugun ƙungiyar makaɗan Concertgebouw, kan fifita kiɗan Jamus da yake yi. A watan Nuwamban 1918, bayan an kaɗa wata simfoni ta Cornelis Dopper, sai ya ɗaga murya a zauren yana kirari ga Sousa, Ba'amurken nan mai kiɗan fareti, don nuna raini. Wannan ɓaram-ɓarama ta ƙara ɓata tsakaninsa da masu riƙe da zauren.

Tsakanin 1919 da 1920 ya tsara simfoninsa ta biyu, mai laƙabin "Sharar Fage Ga Sabuwar Rana". Ya kauce wa tsarin da aka saba, inda karin sauti ɗaya ke jagora sauran su yi masa rakiya. A nan goge da sarewa da ƙaho kowanne na rera nasa karin a lokaci guda. A ganinsa, hoton al'umma ke nan wadda kowa ke da 'yanci, amma ana tafiya tare. Farkon saurarona na ji kamar hayaniya ce; da kunne ya zauna, sai na riƙa tsinto muryoyin ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai mai tsara simfoni ba kamar marubuci ba ne. Marubuci na iya karanta wa abokinsa abin da ya rubuta, shi kuwa sai ya sami makaɗa masu ɗimbin yawa da madugun da ya yarda. Da ya rasa su, ya yi ƙaura zuwa Faransa a 1921, daga baya ya koma ci da aikin jarida. Ba a kaɗa simfonin ba sai a 1953, bayan ta sami kyauta a gasar Sarauniya Elisabeth a Brussels. Amsterdam kuwa sai a 1956 ta ji ta, a hannun Eduard van Beinum. Kafin nan ya riga ya kammala ta uku da ta huɗu da ta biyar.

A nan ne nake jayayya da karin maganar. Lalle ya sha romon, amma yana ɗan shekara 65, kuma matasan makaɗan zamaninsa sun tashi ba su ji abin da ya ƙirƙiro ba, balle su ɗora a kai. Ya rasu a 1967, ya bar simfoni bakwai. Idan muna yabon haƙurin mai fasaha, ya kamata mu riƙa tambayar wanda ya rufe masa ƙofa, da kuma asarar da jama'a suka yi a tsawon jiran.