Kyauta Mai Igiya: Koyon Tuƙin Tirela da Kuɗin Kamfani

A ƙasarmu kowa ya san yadda ake zama direban babbar mota. Yaro yakan bi maigidansa shekara da shekaru, yana wanke mota, yana ɗaure tamfol, yana sa dutse bayan taya in an tsaya a gangare. Ba ya biyan kuɗin koyo, amma yana biya da ƙarfinsa da ƙuruciyarsa. Ran da maigida ya ga ya isa, sai ya miƙa masa sitiyari. Babu takarda tsakaninsu, sai amana.

A Amurka ba haka ba ne. Can sai da makaranta, da jarrabawa, da takarda mai shafi da yawa wadda mutum zai sa wa hannu. Na san wannan ta wurin ɗan wana, wanda yake zaune a jihar Ohayo da matarsa da ɗansu ƙarami. Tun rasuwar wana ni ne uba gare shi. Yana da takardar zama ta dindindin, yana kuwa aikin loda kaya a wani babban sito, amma albashin ba ya kai su ƙarshen wata. Kullum yana ganin tireloli suna shiga suna fita, ya kuma ji direbobin sun fi shi samu. Da ya ga tallar kamfanonin da suke cewa za su koya wa mutum tuƙi kyauta, sai ya nemi shawarata. Abin da muka koya tare na ga ya kamata in rubuta, gama gidaje da yawa yanzu suna da 'ya'ya a ƙasashen waje, tambayar nan kuwa za ta iya zuwa wa kowane uba.

Lasin da Ƙa'idodinsa

Wanda zai tuƙa tirela a Amurka sai ya sami lasin na musamman da suke kira CDL. Dokar da ta kawo shi an yi ta a 1986, aka tilasta shi ga dukan direbobin manyan motoci daga 1992. Aji na fari, watau ajin A, shi ne na tirela. Motar da kayanta takan kai laba 80,000, watau wajen tan 36, saboda haka ba sa wasa da wanda za su ba. Ɗan shekara 18 yana iya samun lasin ya yi tuƙi cikin jiharsa kaɗai, amma mai ƙetare jihohi da kaya sai ya cika 21.

Da fari likita zai duba ido da kunne da hawan jini, ya ba da takardar da ba ta wuce shekara biyu. Sa'an nan a rubuta jarrabawa a kan dokokin hanya, da birkin iska, da yadda ake haɗa kan mota da bodinta. Wanda ya ci sai a ba shi takardar mai koyo, ya riƙe ta aƙalla kwana 14 kafin jarrabawar tuƙi. Ita kuma kashi uku ce: duba mota kafin tafiya, ja da baya cikin wuri matsattse, da tuƙi a kan titi. Tun daga Fabrairu 2022 ba a yarda sabon direba ya shiga wannan jarrabawa ba sai ya yi kwas a makarantar da sunanta yake cikin rajistar hukumar FMCSA, wadda take lura da manyan motoci. Akwai kuma gwajin ƙwaya. Ko a jihar da ta halatta tabar wiwi, direban tirela ba shi da izini, tun daga 2020 kuwa akwai rajista guda ta ƙasa inda ake rubuta wanda ya faɗi gwajin, kowane kamfani yana gani.

Wa Zai Biya?

Makarantar tuƙi ta kuɗi takan ci dala 3,000 zuwa 7,000, wani wuri ma fiye, cikin 'yan makonni. Ga kuɗin haya da abinci, alhali mutum ya bar aikinsa. Nan ne talaka yake tsayawa. Hanyoyi uku muka samu.

Ta fari, mutum ya nemi taimakon gwamnati. Akwai dokar horar da ma'aikata ta 2014 wadda ofisoshin neman aiki suke biya wa waɗanda suka cancanta kuɗin kwas a ƙarƙashinta, kwalejojin gari kuma sukan fi araha. Wannan ba ta da igiya, sai dai jira da cika takardu, ba kowa ne kuma yake samu ba. Ta biyu, mutum ya biya da kansa, in ya kama aiki kamfanin ya riƙa mayar masa kaɗan kaɗan kowane wata. Ta uku ita ce wadda ake talla: kamfani ya ɗauke ka, ya koya maka, kai kuwa ka yi alkawari za ka yi masa tuƙi na wani lokaci, yawanci wajen shekara guda, waɗansu kuma da yawan mil suke ƙirgawa. Manyan kamfanoni kamar Swift, da Prime, da Schneider, da Roehl suna da shiri irin wannan, kowanne da nasa sharuɗa.

Ba mugun abu ba ne. Mutane da yawa ta nan suka sami sana'a ba tare da kwabo a aljihu ba. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani ba ya koyar da kowa domin tausayi. Yana neman wanda zai zauna bayan sitiyarinsa ne. Abin da ake kira kyauta bashi ne wanda ake biya da aiki, in aikin ya tsaya kuwa sai a biya da kuɗi.

Takardu Biyu

Kamfanoni biyu suka amsa wa ɗan nan. Masu ɗaukar ma'aikatansu suna ta kiransa a waya da daɗin baki, suna cewa ya zo ran Litinin. Na ce masa, "Ɗana, maganar waya iska ce. Ka ce su aiko da takardar yarjejeniyar tukuna." Ya ɗauki hotonta shafi shafi ya aiko mini ta WhatsApp. Ni ban taɓa tuƙa abin da ya fi babur ba, amma shekara ashirin ke nan ina koya wa yara su karanta tambaya sau biyu kafin su amsa. Na zauna dare uku da jan biro, na fitar da tambayoyi:

Nawa ne bashin daidai, kuma kuɗin masauki da abinci da na mota suna ciki? Yana raguwa wata wata, ko kuwa yana nan cif har ranar ƙarshe? Akwai ruwa a kansa? In mutum ya faɗi jarrabawa, ko ya yi ciwo, ko kamfanin ne ya sallame shi, wa zai biya? Ana ba da wani abu lokacin koyo, kuma albashi ne ko rance? An hana shi yi wa wani kamfani aiki kafin ya gama biya? Kwana nawa zai yi a hanya kafin ya ga gida?

Da muka jera amsoshin, bambanci ya fito fili. Takarda ta fari, wadda tallarta ta fi ƙarfi, ta ce in ya bar aiki ko da saura mako guda, ko da su ne suka kore shi, zai biya duka tare da ruwa. Ta biyu ba ta yi kurari ba, amma bashin yana raguwa kowane wata, ta kuma faɗi abin da za a cire daga albashi a fili. Akwai wani abu kuma da shi kansa ya gano: wanda ya yi jarrabawa da mota mai canja giya da kanta, akan rubuta a lasinsa cewa ba zai tuƙa mai giyar hannu ba. Ya tambaya, ya san irin motar da za a gwada shi da ita kafin ya tafi. Ya zaɓi ta biyu. Amma kafin ya sa hannu na ce sai matarsa ta karanta ta yarda, gama ita ce za ta ɗauki rabin nauyin.

Shekarar Alkawari

Makaranta ta ɗauki makonni kaɗan. Bayan lasin sai aka haɗa shi da tsohon direba, suka yi makonni suna kwana cikin mota ɗaya, gado bisa gado, da mutumin da bai taɓa sani ba. Daga nan aka ba shi motarsa. Doka ta ce direba ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba cikin awa 14 na aiki, sai ya huta awa 10, ba zai kuma wuce awa 70 cikin kwana 8 ba. Tun 2017 na'ura ce take rubuta wannan. Yawancin masu dogon zango kuwa da mil ake biyansu. Watau ran da mota ta wuni tana jiran a sauke kaya, ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya, samu ya ragu. Albashin makonnin fari bai kai abin da talla ta faɗa ba.

Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne gida. Yakan yi mako biyu ko uku bai ga iyalinsa ba, Lahadi da yawa ta same shi a wurin fakin manyan motoci, sai dai ya bi sujada ta waya. Yaron ya fara tafiya ba ya nan. Matan ikkilisiyarsu ne suka tsaya wa matarsa, suna kai ta asibiti da kasuwa. Allah ya sāka musu.

A wata na bakwai wani kamfani ya yi masa tayin da ya fi. Abokai suka ce ya gudu kawai, wa zai bi shi? Ya kira ni ya ce, "Baba, na gaji." Na ce masa hanya biyu ce ta gaskiya: ko ya biya sauran bashin ya fita ta ƙofa, ko ya daure ya cika. Gudu ba ya ciki. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Banda wannan, kamfani yakan miƙa bashin ga masu karɓar bashi, sunan mutum ya ɓaci wajen neman gidan haya ko rance, kamfanoni kuma suna tambayar juna tarihin direba. Na tuna masa da Yakubu a gidan Laban, wanda ya yi ta aiki ana sāke masa lada, duk da haka ya cika shekarunsa ya fita da garkensa. Ya daure. A cikin shekarar nan ma an yi masa tayin ya karɓi mota bashi daga kamfani ya zama mai kansa, ana cirewa daga abin da ya samu. Ya ƙi, gama mai, da gyara, da inshora duk za su koma wuyansa tun bai san hanya ba. Da shekara ta cika ba hatsari a takardarsa, ƙofofi suka buɗe. Yanzu yana kai kaya cikin jiharsu, yana kwana gida.

Ga Iyaye

Abu ɗaya ya kamata a ji da kyau. Shirin nan domin wanda ya riga ya sami izinin zama da aiki a ƙasar ne, ba hanyar samun biza ba ce. A 2025 ma gwamnatin Amurka ta ƙara tsananta wa direbobi wajen jin Turanci, ta kuma matsa a kan ba baƙi lasin. Saboda haka in wani ya zo gidanku ya ce ku sayar da gona ko shanu zai kai ɗanku tuƙin tirela a waje, ku riƙe kuɗinku, ku bincika sosai.

In kuwa ɗanku, ko a gida ko a waje, ya zo da takardar wani kamfani da zai koya masa sana'a, kada ku hana shi domin tsoro, kada kuma ku tura shi domin kwaɗayi. Ku zauna tare ku ƙirga abin da zai ci, kamar mai shirin gini. Ku nemi wanda ya iya karatu ya karanta, har ƙananan rubutun ƙasa. Kafin sa hannu ne lokacin tambaya da ciniki da ƙi. Bayan sa hannu, alkawari kaya ne, sai a kai shi inda aka ce. Mu riƙa tunawa kuma da direbobi cikin addu'ar iyali, da matan da suke jiransu a gida.