Masu Sharar Tafkin Baikal

Wanda ya leƙa tafkin Baikal na Saiberiya, mai zurfin mita 1,642, yakan yi mamakin yadda ruwansa yake garau. Ba kowa yake tambayar wa ke share shi ba.

Daga cikin masu aikin akwai amfifod, 'yan uwan jatan lande masu lanƙwasasshen jiki. Sun haura iri 350 a tafkin, kuma kusan dukkansu babu su a ko'ina sai can. Benedykt Dybowski, masani ɗan Poland da Rasha ta kora zuwa Saiberiya, ya bayyana da yawansu a 1874.

Idan kifi ya mutu ya nutse, amfifod irin su Ommatogammarus suke taruwa su cinye gawar, sai ƙashi. 'Yar uwarsu Macrohectopus kuwa ba ruwanta da ƙasan tafki. Da dare takan taso sama neman abinci, gari na wayewa ta koma cikin duhu, kifayen omul da golomyanka suna farautarta.

Abin da ya fi tsaya wa mai tunani a rai shi ne yadda amfifod ke renon 'ya'yansu. Uwa tana ɗauke da ƙwanta cikin jaka a ƙirjinta har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito da cikakkiyar kamarta, sai dai ƙanana.